Amsa: Ɗinka wa yaro zomon wasa a gida

Maman Hanifa, kin tambaya da me za ki cusa zomon da kike son ɗinka wa 'yarki mai shekara 2. Ni audugar filo nake saye a kasuwar Wunti. Ta fi tsumma, domin tsumma na dunƙulewa idan an wanke, ga daɗewa bai bushe ba.

Ki yanka ƙyallen atamfa biyu daidai da juna, ki ɗinke ta bai, ki bar ƙofa kamar faɗin yatsu uku, ki juya, sannan ki cusa. Kunnuwan ki bi su sau biyu, nan yara ke ja.

Don Allah kar ki sa maɓalli ko dutsen ado a ido. Yarinya za ta ciro ta kai baki, ya shaƙe ta. Baƙin zare da allura sun wadatar.