Tambaya da Amsa: Me ya sa amsa-kuwwar sauti take makara a kan osiloskop?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin lantarki, kuma ina ƙoƙarin auna lokacin da sautin nan mai kaifin da kunne ba ya ji yake ɗauka ya je ya bugi abu ya dawo. Kayan da nake da su su ne janaretan sigina, da osiloskop (na'urar da ke zana siginar lantarki a fuskarta) mai tasha biyu, da ƙananan na'urorin sauti guda biyu masu aiki a kan kilohaz 40 (wato kaɗawa 40,000 a daƙiƙa), ɗaya mai aikawa, ɗaya mai karɓa. Na kafa allon katako a nisan santimita 50, lissafi ya ba ni milisakan 2.92 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), amma abin da nake karantawa ya kai 3.05, kuma duk sanda na sake awon sai adadin ya ɗan canza. Ko osiloskop ɗin ne ba shi da lafiya? Sannan ina so ku bayyana mini ko zan iya auna kaurin ƙarfe da waɗannan kayan. Allah ya ƙara wa Malam basira.

Daga wani ɗalibi

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amin, tare da kai. Lissafinka daidai ne, domin a iska mai zafin digiri 20 na Salshiyas sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, tafiyar zuwa da dawowa kuwa a wurinka mita ɗaya ce cur. Osiloskop ɗinka ma ina kyautata masa zato, saboda agogon da ke cikin na'urorin zamani ba ya kuskuren da ya kai maikirosakan ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milisakan) a tsawon milisakan 3, alhali ratar da kake kuka da ita ta kai maikirosakan 130. Matsalar tana wajen gane inda amsa-kuwwar ta fara, kuma a nan ne kusan kowa yake tuntuɓe a karon farko.

Na'urorin da ke hannunka suna aiki ne da wani faifan tangaran na musamman wanda yake kaɗawa idan an sa masa wuta, yake kuma fitar da wuta idan an kaɗa shi, ɗabi'ar da 'yan'uwan nan biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano a jikin wasu duwatsu masu ƙyalli a shekarun 1880 da 1881. An ƙera su ne su yi amo sosai a kan kilohaz 40 kaɗai, don haka halinsu irin na ƙararrawa ne. Idan janareta ya fara turo wuta, faifan ba ya kai wa cikakken ƙarfinsa nan take, sai ya yi ta ƙaruwa zagaye bayan zagaye, kuma idan wutar ta tsaya, yakan ci gaba da kaɗawa na ɗan lokaci kafin ya lafa. Mai karɓa ma haka yake yi, ga shi abin da yake fitarwa 'yan milibolt ne kawai. Shi ya sa abin da ke bayyana a fuskar osiloskop yake kama da kifi, siriri a baki, mai kauri a tsakiya, mai dogon wutsiya. Zagayen farko na gaskiya yana nutse a cikin hayaniyar lantarki, idonka kuwa sai ya kama na biyar ko na shida ya ɗauka shi ne mafari. Kowane zagaye ɗaya maikirosakan 25 ne, wanda ya yi daidai da kuskuren milimita 4.3 a nisa, saboda haka zagaye biyar da ɗoriya sun isa su cike ratar da ka gani. Canzawar adadin ma daga nan take, domin yau ka kama wannan tudun, gobe ka kama na kusa da shi.

Ka fara da gyara shimfiɗar aikin. Sa janaretan ya riƙa fitar da zagaye takwas a jere sannan ya yi shiru, wato maikirosakan 200 na sauti, kuma ka bar tazarar milisakan 60 tsakanin wata fitarwa da wata, domin bangon da ke nisan mita 5 sai bayan milisakan 29 amsarsa take isowa, idan kuwa ka gaggauta sai tsohuwar amsa ta shiga cikin sabon awo. Haɗa wutar da ke zuwa ga mai aikawa a tasha ta ɗaya, mai karɓa a tasha ta biyu, sannan ka ɗauki tiriga, wato alamar da ke gaya wa osiloskop lokacin da zai fara zane, daga janaretan kansa, kada ka ɗauke ta daga siginar da ta dawo. Da zarar hoton ya tsaya cik, kunna tsarin da osiloskop yake haɗa awo da yawa ya fitar da matsakaicinsu. Awo 16 yana rage hayaniya zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, awo 64 zuwa kashi ɗaya cikin takwas, kuma za ka ga ƙananan zagayen farko suna fitowa fili ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga wani dunƙulen sigina tun a farkon allo, wannan sautin da ya tsallaka kai tsaye ne daga mai aikawa zuwa mai karɓa, ta iska ko ta jikin katakon da ka ɗaure su a kai, kuma ɗan soso a ƙarƙashinsu da ɗan kwali a tsakaninsu yana rage shi. Idan kana buƙatar amfilifaya, wato da'irar ƙara ƙarfin sigina, ka tuna cewa ƙaramin amfilifayan nan mai suna LM358 da wuya ya ninka sigina fiye da sau 25 a kan kilohaz 40, don haka mataki biyu masu matsakaicin ƙarfi sun fi mataki ɗaya da aka ɗora wa kaya.

Duk da wannan gyara, ba za ka rabu da jinkirin faifan gaba ɗaya ba, kuma shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ka daina neman lokacin daga awo guda. Zaɓi tudu ɗaya mai kyau a cikin amsa-kuwwar, ka aza layin awo a kansa, sannan ka riƙa jan allon katakon baya a hankali a kan ruler ɗin ƙarfe ko tef ɗin awo, idonka yana kan wannan tudun. Za ka ga yana tafiya dama sannu a hankali, kuma duk sanda allon ya matsa milimita 4.3, tudun da ke bayansa zai hau daidai gurbin da ya bari. Rubuta lokacin a santimita 50, da 60, da 70, har zuwa 100, sannan ka zana su a takardar giraf. Za su ba ka miƙaƙƙen layi wanda karkatarsa ta kusa maikirosakan 58 a kowane santimita, daga nan ne za ka fitar da saurin sauti na gaskiya a ɗakin da kake. Inda layin ya yanki gefen lokaci kuwa, wannan shi ne jinkirin kayan aikinka, wanda za ka riƙa cirewa daga kowane awo nan gaba. Ni a ganina wannan hanya ta fi sayen sabuwar na'ura amfani, domin tana mayar da abin da ya dame ka adadi sananne.

Ka ajiye ma'aunin zafi kusa da kai, saboda saurin sauti yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a daƙiƙa kan kowane digiri, daga 331 a digiri sifili zuwa kimanin 352 a digiri 35. Sai dai ka lura cewa zafi gajarta lokaci yake yi, don haka idan ɗakinka ya fi digiri 20 zafi, jinkirin na'urorinka ya ma fi abin da ka ƙiyasta.

Game da ƙarfe, waɗannan kayan ba za su yi ba. Sauti yana cin kimanin mita 5,900 a daƙiƙa a cikin baƙin ƙarfe, don haka farantin da kaurinsa ya kai milimita 10 yana mayar da amsa cikin maikirosakan 3.4, tun kafin na'urarka ta kammala ko da zagayenta na farko. Bugu da ƙari, kusan dukkan sautin da ya taho ta iska yana komawa baya ne daga fuskar ƙarfen, bai shiga ciki ba. Masu wannan aiki suna amfani da na'urar da ke kaɗawa a kan megahaz biyu zuwa goma (kaɗawa miliyan biyu zuwa goma a daƙiƙa), wadda aka danne kaɗawarta don ta yi shiru da wuri, suna kuma shafa mai ko wani ruwa mai kauri tsakaninta da ƙarfen domin a kori iska. Osiloskop ɗinka zai iya nuna irin wannan amsar, amma sai ka nemi na'urar da ta dace da kuma da'irar da za ta buga mata gajeriyar wuta mai ƙarfi.