Me ya sa ƙarya ke kayar da ɗan siyasa a binciken kuɗin kamfe a Amurka?

Tambaya: Barista, na lura cewa a shari'o'in kuɗin yaƙin neman zaɓe a Amurka, sau da yawa ba a kan kuɗin ake kama mutum ba, a kan ƙaryar da ya yi wa masu bincike ne. Mene ne dalili, kuma yaya alƙali ke auna hukuncin?

Amsa: Dalilin yana cikin nauyin hujja. Kafin a samu ɗan takara da laifin karɓar haramtacciyar gudummawa, dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar cewa yana sane ya karɓa, kuma da gangan. Wannan abu ne da ke cikin zuciya, ga shi kuɗin kan bi ta hannun mutane da yawa kafin su shiga asusun kamfe. Ita ƙarya kuwa, da zarar an samu takarda ko muryar da aka naɗa wadda ta saɓa wa maganar mutum, aiki ya yi sauƙi.

Laifi biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai shaidar zur, wato ƙarya bayan rantsuwa a gaban kotu ko majalisa, sannan akwai yi wa jami'in tarayya ƙarya ko da babu rantsuwa, wanda sashe na 1001 na kundin laifuffukan tarayya ya tanada. Kowannensu na iya jawo ɗaurin shekara 5. Ga shaidar zur, Kotun Ƙoli ta yanke tun 1973 cewa amsar da lafazinta gaskiya ne ba ta zama laifi ko da ta karkatar da mai tambaya, don haka lauyoyi kan yi ta jayayya a kan kalma guda.

Shari'ar Jeff Fortenberry, tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Nebraska, ta nuna yadda abin ke tafiya. A taron tara kuɗi a Los Angeles a 2016, kamfe ɗinsa ya karɓi kimanin dala 30,000 da asalinsu na attajiri Gilbert Chagoury ne, wanda ba ɗan Amurka ba ne, alhali doka ta hana ɗan wata ƙasa ba da gudummawa. A 2018 wanda ya shirya taron ya faɗa masa haka ta waya, hukumar FBI na naɗar hirar; da jami'ai suka tambaye shi a 2019, sai ya musanta sani. A 2022 aka same shi da laifin ƙarya da ɓoye gaskiya, amma alƙali bai ɗaure shi ba: shekara 2 ƙarƙashin sa ido, tarar dala 25,000 da aikin al'umma. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin saboda a Los Angeles aka yi masa shari'a, alhali ba a can ya yi maganganun ƙaryar ba.

Shekara 5 ɗin nan iyaka ce kawai, ba kasafai ake kaiwa gare ta ba. Ma'aunin tarayya da alƙalai ke dubawa wajen yanke hukunci ya sanya shaidar zur ta mai laifin farko tsakanin wata 15 zuwa 21, ƙaryar da babu rantsuwa kuwa galibi ƙasa da haka sosai, kuma tun 2005 ma'aunin shawara ce ga alƙali. A ganina abin da ya fi ɗaga hukunci shi ne sauran laifuffukan da ke tare da ƙaryar. Michael Cohen, tsohon lauyan Donald Trump, ya samu ɗaurin shekara 3 a 2018 kan haraji, kuɗin kamfe da sauransu, amma wata 2 kacal aka yanke masa kan yi wa majalisa ƙarya, su ma a cikin shekara ukun ya yi su.