Wuta tana jan mu a ɗakin kaji

Wani mai kiwon kaji a wajen Rigachikun ya aiko da tambaya. Ya ja wuta daga gidansa zuwa ɗakin kaji da ke bayan gona, tazarar kamar mita 60, ya sa ƙaramin akwatin wuta a can don fitilu da famfon rijiyar burtsatse. Tunda damina ta sauka, duk yaron da ya taɓa keji ko kan famfo sai ya ji tsir a hannu. Mai wayarin ɗinsa ya ce a haɗa wayar nutiral da wayar ƙasa a cikin ƙaramin akwatin, magana ta ƙare. Shin ya yarda?

Alhaji, kada ka yarda. Kafin komai ma, kashe layin nan daga gida har a gyara, don yaro mai jiƙaƙƙen hannu a tsaye kan dandaɓe mai laima ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin a yi salati.

Wayoyin nan biyu aikinsu daban. Nutiral, mai shuɗi a sabon wayarin ko baƙa a tsoho, ita ke mayar da wuta kullum muddin fitila na ci. Wayar ƙasa, mai kore da rawaya, zaman jira take yi sai ranar da wani abu ya lalace. In ka ɗaure su wuri guda a ɗakin kaji, wutar da ke komawa za ta riƙa bi ta jikin keji da bututun ƙarfe. Ranar da ɓera ya ci nutiral a hanya, ko ta kwance a mahaɗa, duk ƙarfen da ke ɗakin zai iya ɗaukar kusan volt 230 ɗin nan cif. Saboda haka a cikin ƙaramin akwati kowacce da mazauninta, ba sa gaisawa.

Waya uku za a ja daga gida: ta wuta, nutiral, da ta ƙasa. Na fi son kebur mai sulke, a binne shi kamar santimita 60, nesa da inda garma ke bi. A bakin ɗakin kuma a kafa sandar ƙasa mai rufin jan ƙarfe, a ɗaure ta da mazaunin wayar ƙasa da maƙalli na gaske. Na taɓa tono wata sanda a wata gona na tarar an naɗe mata waya da hannu kawai, ta yi kore shar, ina ja ta zame. Shekara uku mai gonar yana barci da tunanin yana da kariya.

Sai ka bi duk ƙarfen da hannu ke kaiwa, keji, jikin famfo, bututu, ƙafar tanki, ginshiƙin rufi, a haɗe su da waya mai kore da rawaya zuwa mazaunin nan guda.

Amma sanda ita kaɗai ba ta kashe wuta, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. A ce an auna sandarka an sami om 50, om shi ne ma'aunin yadda hanya ke tare wuta. Raba volt 230 da 50, wutar da za ta bi sandar zuwa ƙasa ba ta kai amfiya 5 ba. Bireka mai amfiya 20 ko gezau ba zai yi ba, ƙarfe kuma yana nan da wuta. Abin da ke jin wannan ɗigon wutar shi ne na'urar da masu wayarin ke kira RCD, wasu su ce ELCB. Sa mai miliamfiya 30 a kan soket da famfo, ka riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci lokaci. In tana yawan faɗuwa, a nemo inda wuta ke zuba. Kada wani ya ce maka a cire ta don ta cika fitina.

Wata Hajiya mai shanun madara a Kujama ta ce nata sun fara gudun komin ruwa, alhali ita ta sa hannu ba ta ji komai ba. Hajiya, yarda da shanunki. Ke kina da takalmi, su kofato huɗu ne a cikin caɓi da baki a ruwa, abin da ba ki ji ba su sun ji. A auna tsakanin komin da ƙasa famfo yana aiki, a ɗaure komin da wayar ƙasa.

Batun zuba gawayi da gishiri a ramin sanda, wanda mutum uku suka tambaya: gawayi babu laifi, gishiri kuwa yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma ya wanke shi. A ƙasar marmara irin tamu gara a ƙara sanda ta biyu, a ba su tazarar da ta kai tsawon sandar ko fiye. A yi awon sandar a Fabrairu ko Maris lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, kuma a nemi mai wayarin da ke da shaidar NEMSA, hukumar gwamnati mai tantance masu wayarin, da na'urar awo a jakarsa.