Gunki ne ko mutum-mutumi?

Wani mai karatu daga unguwar Fagge ya rubuto cewa ya kai 'ya'yansa wani lambun shaƙatawa, suka tarar da ƙatuwar giwa ta siminti wadda ta fi ɗaki tsayi, sai ƙaraminsu ya tambaye shi sunanta, ya ce masa gunki ce. Yana so ya san ko ya faɗi daidai.

Malam, kalmar da ta dace ita ce mutum-mutumi. Gunki, jam'insa gumaka, shi ne abin da ake bauta wa, ake yi masa yanka, ake kai masa buƙata. Kanawa sun san wannan tun daga tarihin Tsumburbura, abar bautar mutanen da, da Barbushe, jagoran masu bauta mata, a Dutsen Dala, kafin Musulunci ya kafu da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Saboda haka kalmar tana da nauyi a kunnen Bahaushe, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ke liƙa ta ga duk wata sura da aka gina ko aka sassaƙa, domin yaron da aka ce wa giwar nan gunki ce zai ɗauka akwai masu durƙusa mata.

Shi kuwa mutum-mutumi, tsarin kalmar ya nuna ma'anarta. Hausa takan maimaita kalma don nuna kamanni, kamar ruwa-ruwa da gishiri-gishiri da baƙi-baƙi, wato abin ya ɗauko siffa amma bai kai ainihi ba, kamar yadda karin magana ya ce, kama da wane ba wane ba ne. Manomi ya daɗe da sanin kalmar, domin ita ce sunan karan da yake sa wa tsohuwar riga a gona don korar tsuntsaye. Daga nan ta faɗaɗa, har ake kiran surar jan ƙarfen nan da Faransa ta ba Amurka, wadda aka ƙaddamar a 1886, da Mutum-mutumin 'Yanci.

To, giwa fa, tunda ba mutum ba ce? Amfani ya riga ya halatta a ce mutum-mutumin giwa ko mutum-mutumin doki, kuma wanda hakan ya yi wa nauyi yana iya cewa surar giwa. Hukuncin gina irin waɗannan surori kuwa fagen malaman fiƙihu ne.

Gunki ya shiga maganar yau da kullum a wuri guda ba tare da batun bauta ba, wato idan aka ce wane ya tsaya ƙiƙam kamar gunki, ana nufin bai motsa ba, bai kuma ce uffan ba.