Gansakukar da na tara wa ma'ajiyar tsirrai ta yi funfuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin tsirrai, an ba mu aikin tara samfur don ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'a. Na kankaro gansakuka a jikin wani dutse a bakin kogin Kaduna na zuba a leda, kwana huɗu ta yi funfuna. Ita ce Sifagnum da muke karantawa? Yaya ake adana ta? Daga Kabala, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Da wuya ƙwarai ta zama Sifagnum. Ita Sifagnum, dangin gansakuka mai iri wajen 380, tana son fadamar da ba ta ƙafewa, mai ruwan tsami, shi ya sa ta fi yawa a Kanada da Rasha da Finlan da Ayalan. Ranin Kaduna, wata biyar ko fiye ba ruwa, bai dace da ita ba. Gwajin mai sauƙi ne: kanta a cure yake kamar tuntun hula, in kin matse ta ruwa ya zubo kamar soso, in ta bushe kuma ta yi fari-fari. Jikinta cike yake da manyan ƙwayoyin halitta matattu masu huji, su ne ke riƙe ruwa har ninki ashirin na nauyinta. Wannan ne ma ya sa aka yi ta ɗaure raunin sojoji da ita a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918.

Naki samfurin kuwa, leda ce ta kashe shi. Danshi ya rasa hanyar fita, funfuna ta samu gida. Ki koma da damina ki ɗebo wani, kamar cikin tafin hannu, kada ki kwashe duka. Ki kakkaɓe ƙasa, ki sa a ambulan na takarda ko ki naɗe a tsohuwar jarida, ki buɗe shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada ki danne shi da katako yadda ake yi wa ganye da fure, kada ki manna shi da gam. Mai tantancewa zai jiƙa ɗan guntu ya duba ganyen a madubin ƙara girma, kuma wanda aka latse ya ɓata siffarsa wahala kawai yake ba shi.

Inda ɗalibai suka fi ba ni haushi shi ne rubutu. Tun kina wurin, ki rubuta da fensir, don biro na zuba in ya jiƙe: kwanan wata, sunanki, lambar samfur, lambobin taswira (GPS) na wurin daga wayarki, da abin da ta tsiro a kai, dutse ne ko bawon itace ko ƙasa, a rana ko a inuwa. Sunan tsiron ana iya gano shi bayan shekara hamsin, amma in ba ki rubuta wurin ba, ma'ajiya irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba abin da za ta yi da shi.