Wace Taya Ta Dace Da Hilux Mai Bin Kwalta Da Hanyar Gona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai fo-wil, lambar tayoyinta 265/65R17, kuma sun kusa ƙarewa. Ina zaune a Zariya, gonata tana wajen Saminaka. Yawancin tafiyata a kan kwalta ce, amma daga inda nake sauka daga titi burji ne, sannan akwai wata fadama da ke zama caɓi da damina. Nakan ɗauki taki da buhunan masara. Sau biyu bana gefen taya yana yage min. Wani ya ce in sayi masu manyan haƙora na shiga taɓo, wani kuma ya ce A/T ta ishe ni. Wacce zan saya, kuma me zan duba kafin in biya kuɗi?

Daga wani manomi a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A/T za ka saya, wato tayar da aka yi don kwalta da burji duka, amma mai ƙarfin jiki, wadda aka rubuta LT (alamar tayar ƙananan motocin ɗaukar kaya) a gaban lambarta. Yagewar gefe da kake fama da ita ba ta da alaƙa da girman haƙori. Ƙarfin jikin tayar ne ya gaza, ko iskar da ke cikinta ba ta kai nauyin da aka ɗora mata ba. Mutane da yawa haƙori suke kallo a shago domin shi ido ke fara gani, alhali abin da zai hana ka kwana a hanya yana cikin ƙananan rubutun da ke gefen tayar.

Iri uku za ka tarar a kasuwa. H/T ta kwalta ce: ba ta da ƙara, tana kama birki da kyau idan ana ruwa, tana rage shan mai, amma da ta taka caɓi sai ta fara juyawa a wuri ɗaya. M/T ita ce wadda abokinka na farko yake nufi. A cikin taɓo babu kamarta, domin tazarar da ke tsakanin haƙoranta na watsar da laka. Sai dai a kan titin Zariya zuwa Pambeguwa za ta yi ta kuwwa, ta cinye da wuri, ta ƙara maka shan mai, kuma idan ruwa ya jiƙa kwalta motar za ta ɗauki tazara mai tsawo kafin ta tsaya. Wannan na ƙarshen shi ne abin tsoro, musamman da yake bayan a-kori-kura ba shi da nauyi idan babu kaya, saurin zamewa gare shi. A/T tana tsakiya. Ga wanda fiye da rabin tafiyarsa kwalta ce, ita ce daidai. Amma kada a ruɗe ka: idan laka mai danƙo ce irin ta tsakiyar fadama a watan Agusta, haƙoran A/T kan cike, tayar ta zama sumul. Makonni kaɗan ne a shekara, kuma bai kamata saboda su ka yi wata goma kana wahala da M/T ba.

Yanzu ga karatun lamba. A 265/65R17, 265 faɗin tayar ne da milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, wato wajen milimita 172, sai 17 girman wili da inci. Bayan wannan akwai wata lamba da harafi, misali 112S. Ita 112 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika yadda aka tsara. 115 kilo 1,215 ce, 120 kuma kilo 1,400. Harafin na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190. Kowanne cikinsu ya wuce gudun da mai hankali zai yi da kaya a baya, don haka lambar nauyi ita ce abin damuwarka. Kada ka sayi wadda ta gaza abin da ke rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba.

A nan bambancin yake. Tayar da ba ta da LT ginin ƙaramar mota gare ta, ko da an yi mata haƙoran A/T. Masu ƙera taya ma kan rage wajen kashi goma cikin ɗari na ƙarfinta idan a kan a-kori-kura aka ɗaura ta, wato 1,120 ya koma kusan 1,020. Buhu goma na masara tan guda ne, kuma kusan duk nauyin a kan tayoyin baya biyu yake sauka, ga nauyin motar kanta, ga duk ramin da aka faɗa yana ninka bugun. Tayar LT an yi ta da zaren ciki mai kauri da roba mai yawa a gefe da kafaɗa. A girman naka za ka ga irin LT265/65R17 120/117S. Lamba ta farko, 120, ita ta shafe ka, ta biyun ta motoci masu tayoyi bibbiyu a baya ce.

Za ka kuma ga 6PR, 8PR ko 10PR, ko haruffan C, D, E da ke daidai da su. Masu shago kan ce "wannan mai waya goma ce". Ba haka ba ne. Ma'aunin ƙarfi ne da aka gada daga zamanin da ake jera zaren auduga, tayar yau ba ta da shimfiɗa goma. Idan kana son sanin gaskiyar gefenta, nemi inda aka rubuta SIDEWALL da ƙananan haruffa, za ka ga 2 ko 3. Mai uku ta fi jure kututturen kara, da tsinin dutse, da ƙayar aduwa. Ga aikinka 8PR ta wadatar, 10PR ma babu laifi tunda kana lodi sosai, sai dai ka san za ta yi tauri idan motar ba kaya, kuma kowace taya za ta fi tsohuwarka nauyi da wajen kilo biyar. Wannan nauyin zai ɗan nuna a shan mai da kuma a shokozoba.

Game da suna, waɗanda aka sani a wannan aji sun haɗa da BFGoodrich All-Terrain T/A KO2, da Bridgestone Dueler A/T, da Yokohama Geolandar A/T G015, da Dunlop Grandtrek, da Maxxis Bravo. KO2 ta yi suna wajen ƙarfin gefe da jure burji, amma tana da tsada da nauyi. Geolandar ta fi laushi da shiru a kan kwalta. Abin lura shi ne suna ɗaya kan fito da LT da wadda ba LT ba, a girma ɗaya, haƙora iri ɗaya, farashi daban. Idan aka ce maka an samo ta da araha, fara duba waɗannan haruffa biyu. Alamar dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon ƙanƙara a ciki kuwa ta ƙasashen sanyi ce, kada ka ƙara ko sisi saboda ita.

Ka tsaya a girman da motar ta zo da shi. Ana yawan sha'awar 265/70R17 saboda ta fi cika ido, kuma tana ɗaga motar da wajen milimita 13. Amma tsayinta milimita 803 ne a maimakon 776, ƙarin fiye da kashi uku cikin ɗari. Malejin gudu zai nuna 100 alhali kana kan 103, motar za ta ɗan rage ƙarfi a hawa idan da kaya, birki zai ƙara aiki, kuma idan ka karya kan mota gaba ɗaya a kan gargada tayar kan goga jikin madigadi. Masu tsohuwar Hilux mai 205R16C su ma kada su cusa 265 a kan siririn wilinsu na inci shida, domin tsakiyar tayar ce kawai za ta riƙa taka ƙasa. Faɗi ba shi ne riƙo ba, a cikin caɓi siririyar taya ma takan ratsa ta kai ga ƙasa mai tauri.

Shekarun taya abu ne da ba a wasa da shi a ƙasa mai zafi irin tamu. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2324 na nufin mako na 23 a 2024. Tun da Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a Najeriya wajen 2007 da 2008, tayoyin da ke kasuwa daga waje ake kawo su, wasu kuma sun daɗe a sito kafin su iso shago. Roba na bushewa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa, don haka ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, kuma huɗun su kasance kusan lokaci guda. Wadda aka kankare mata lambar, ko wurin ya yi kama da an liƙa wani abu, ka bar ta. Tayar gwanjo kuwa, doka ma ta hana shigo da ita, kuma ga mai ɗaukar tan guda ba na ba da shawararta ko kaɗan. Wasu an sake tsaga musu haƙora da wuƙa mai zafi har an kusa taɓa wayar ciki, an shafe su da baƙin fenti. Sabuwar A/T mai LT zurfin haƙorinta kan kai milimita 12 ko kusa da haka.

Ko ka sayi mafi tsada, iska ce za ta raya ta ko ta kashe ta, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna. Abin da ke rubuce a ƙofar direba na tayar asali ne. Tayar LT tana buƙatar iska fiye da haka kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, domin a 30 psi (ma'aunin iska da gejin masu faci ke nunawa) ba ta kai tsohuwar taka ƙarfi ba. Ka fara da 38 zuwa 42 gaba da baya idan babu kaya, ka kai na baya 50 zuwa 55 ranar da za ka cika ta da buhuna. Lambar 65 ko 80 da ke jikin tayar iyaka ce, ba abin da ake sawa kullum ba. Idan iska ta yi kaɗan, gefen tayar na lanƙwashewa a kowane juyi, zafi ya taru a ciki, roba ta rabu da waya. Haɗa wannan da zafin watan Afrilu da lodi da gudu, shi ne fashewar da ake ji a kan babban titi. Haka kuma idan ka faɗa rami, gefen kan matse tsakanin wili da bakin kwalta, zaren ciki ya tsinke, ƙululu ya fito ko ta yage nan take. Da alama irin wannan ce ta same ka.

A gwada iska da safe kafin a motsa motar, kuma ka sayi gejinka, domin na masu faci da yawa sun gaji. Bayan tafiyar awa guda iskar kan ƙaru da 4 zuwa 6, wannan daidai ne, kada a rage ta. Idan ƙarin ya wuce haka sosai, alama ce tun farko ta yi kaɗan ga nauyin. A kan dogon burji, idan babu kaya, rage 6 zuwa 8 na sa motar ta daina tsalle, duwatsu kuma ba sa saurin huda ta, amma sai ka rage gudu. A cikin yashi mai zurfi ana sauka har 18 ko 20, a tafi a hankali ba tare da karya kan mota da ƙarfi ba, don kada bakin tayar ya fita daga wili. Duk wannan sai ga mai ɗan injin iska da ake jonawa a batir, domin hawa kwalta da 20 na iya lalata sabuwar taya a tafiya ɗaya. Da cikakken lodi kuwa kada ka rage iska.

Tunda motar mai fo-wil ce, huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya. Idan na gaba da na baya suka bambanta a tsayi, da ka sa fo-wil sai giyar rabon ƙarfi ta riƙa ɗaurewa. Idan da hali ka sayi biyar har da safaya. Idan kuɗin biyu kawai ke hannu, sababbin su tafi baya, kuma kada a haɗa iri biyu a kan aksul ɗaya.

Ranar ɗaurawa a canza bawul, kuma idan za ka riƙa kai iska kusa da 65 a sa mai ƙarfe, na roba iyakarsa ke nan. A yi balansin da alaimen, a duba tayarod da bol-joyin, domin idan suna da wasa sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni. A riƙa sauya musu wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, in ba haka ba haƙoran kafaɗa na gaba za su yi tudu da kwari su fara ƙara. Huda a kan haƙora ana cire tayar a yi mata faci daga ciki, amma yagewar gefe ba ta da gyara, ko mai faci ya ce zai gasa ta. Idan haƙori ya sauka zuwa milimita 4, aikinta a taɓo da ruwa ya ragu ƙwarai, ko da bai kai iyakar 1.6 ba. Notocin wili guda shida a ɗaure su a gicciye, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, da sifana mai ma'auni, ba da hawa kan dogon bututu ba, sannan a sake duba su bayan kilomita 100 na farko.