Tambayi kwamfuta kafin ka ɗora mata direba

Ɗazu ka ce min, "Oga, na yi wa laftof ɗin nan fomat na sa Windows 10, Wi-Fi ya ɓace, ga shi babu intanet balle in sauko da direba. Kai kuma kullum baƙin allo kake buɗewa. Me kake rubutawa?" To, jawo benci ka zauna, ƙanena.

Tun kafin fomat ka yi kuskuren. Muddin tsohon Windows yana tashi, direbobin na'urar, wato manhajojin da ke sa Windows ya iya aiki da sassanta, suna cikinsa, ba sai ka sayi data ba. Soka filas, ka buɗe folda mai suna direbobi a ciki, ka shiga cmd, wato baƙin allon nan, da ikon administrator, ka rubuta:

dism /online /export-driver /destination:E:\direbobi

Zai kwashe su ya zuba maka. Ka lura da harafin filas ɗinka, ba kullum E ba ne. In ka gama fomat sai ka mayar da su:

pnputil /add-driver E:\direbobi\*.inf /subdirs /install

Amma aikin gama ya gama, bari mu duba wadda ke gabanmu. Sunan da ke jikin murfi ba zai gaya maka katin Wi-Fi da ke ciki ba, musamman waɗannan 'yan kwatano da suka bi hannu da yawa. Ina sabon shiga sana'ar nan aka kawo min laftof biyu iri ɗaya sak, har lambar samfuri. Na ɗora wa ta farko direba ta kama, ta biyu ta ƙi. Tun azahar har aka kira magariba ina fama, mai ita yana zaune yana kallona. Da na kwance murfin ƙasa, sai ga ɗan katin da wayoyinsa biyu, baƙa da fara, ashe na wani kamfani ne daban. Da na san wannan layin, ko sukurdireba ba zan ɗauka ba:

pnputil /enum-devices /problem

Duba allon. Ka ga lamba 28? Ma'anarta na'urar tana nan lafiya a soke, direba ne babu. Sai ka karanta abin da ya biyo bayan VEN, lambar kamfanin da ya ƙera katin ke nan. In 8086 ne, Intel ke nan. 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C kuma Atheros. Lambobi huɗun da ke bayan DEV su ne ainihin samfurin katin. Rubuta su a takarda, da su za ka nemo direba a shafin kamfanin da ya ƙera.

Intanet kuwa yana aljihunka. Haɗa wayarka da igiyar caji mai ɗaukar data, ka kunna raba intanet ta USB, yawanci nan take Windows yake ganewa. Kuma don Allah ka rabu da manhajojin nan masu cewa za su ɗora komai da dannawa ɗaya. Sau da yawa tarkace suke shigo da shi, gobe kwastoma ya dawo yana cewa mun ɓata masa kaya.

In direba ya zauna, rubuta netsh wlan show networks ka ga ko laftof ɗin tana jiyo Wi-Fi na maƙwabta. Haɗa, sannan ipconfig. Ka ga adireshi ya fara da 169.254, to kada ka sake taɓa direba. Rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ce ba ta ba laftof ɗin lamba ba, sai laftof ɗin ta ƙirƙiri tata. Yi ipconfig /release, ka bi da ipconfig /renew. In kuma wani ofis ya taɓa kafa mata lamba da hannu, wannan zai sake ta:

netsh interface ip set address "Wi-Fi" dhcp

Daga nan ping 8.8.8.8, ka gwada ko tana kaiwa intanet. In amsa ta dawo amma shafi bai buɗe ba, yawanci matsalar DNS ce, wato abin da ke juya sunan shafi zuwa lambarsa.

Ungo allon rubutun. Fara da pnputil, ka karanto min abin da ke bayan VEN.